Yadda Ake Auna Gaskiyar Sakamakon Gwajin Asibiti

Babu gwajin da ba ya kuskure. Wani lokaci yakan nuna akwai ciwo alhali babu, wani lokaci kuma ya wanke wanda ciwon ke ci. Saboda haka likita, nas ko ma'aikacin ƙaramin asibiti sai ya san iya nauyin takardar lab a kan majinyacin da ke zaune gabansa. Ga yadda ake bi.

Mataki na 1: Ka tsai da zatonka kafin a ɗebi jini

Tambayi kanka: cikin mutum goma masu waɗannan alamomi, a garin nan, a wannan wata, nawa ke da ciwon? Yaro ɗan shekara uku da jiki ya yi zafi a watan Satumba, damina ta nutsa, sauro ya cika gari, zaton maleriya a kansa mai ƙarfi ne. Magidanci mai ciwon kai a tsakiyar bazara kuwa, zaton ya yi ƙasa. Wannan matakin aka fi tsallakewa, kuma a kansa sauran suka dogara.

Mataki na 2: Ka san alƙaluma biyu na gwajin

Suna cikin takardar da ke zuwa a kwalin kayan gwaji. Na farko ƙarfin kamawa: cikin masu ciwon 100, nawa gwajin zai gano? Na biyu ƙarfin wankewa: cikin lafiyayyu 100, nawa zai ce ba su da komai? Gwaji mai ƙarfin kamawa kamar koma ce mai ƙananan idanu, kifi ba ya kuɓuce mata, amma takan kwaso har da ciyawa. In irin wannan ya ce babu, hankali na iya kwanciya. In mai ƙarfin wankewa ya ce akwai, da wuya a ce ƙage ne.

Mataki na 3: Ka haɗa su da yawan ciwon a cikin jama'a

A nan sai an ɗauki biro. Mu ƙaddara gwaji ne mai kyau ƙwarai, kamawa kashi 99 cikin 100, wankewa ma 99. An gwada mutum 10,000 a inda mutum ɗaya cikin ɗari ke da ciwon. Masu ciwo 100 ne, gwajin zai kama 99. Lafiyayyu 9,900 ne, zai laƙaba wa 99 daga cikinsu ciwon da ba su da shi. Ka ga an samu mutum 198 da takarda ta ce suna da ciwo, rabinsu kuwa lafiyarsu ƙalau.

Yanzu a kai gwajin nan ɗakin majinyata inda 20 cikin ɗari ke da ciwon. Zai kama 1,980 na gaskiya, ya yi kuskure a kan 80. Wato kusan 96 cikin 100 na waɗanda ya nuna suna da shi, da gaske suna da shi. Gwajin bai canja ba, mutanen ne suka canja.

Dalilin ke nan da ba a gaya wa mutum yana ɗauke da ƙanjamau a kan tsinken gwaji ɗaya. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 ke da cutar, to a irin wannan ƙaranci dole a tabbatar da wani gwajin daban. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar sai gwaji uku a jere sun nuna akwai kafin a tabbatar.

Mataki na 4: Ka san lagon kowane gwaji

Tsinken gwajin maleriya na gaggawa galibi ba ƙwayar cutar yake gani ba, wani sinadari ne da take saki mai suna HRP2, wanda kan yi makonni a jini bayan an warke. Wanda ya sha magani mako biyu da suka wuce zai iya ganin layi biyu, wato tsinken ya ce akwai maleriya, alhali zazzaɓinsa na yau na limoniya ne ko sanƙarau. Akwai kuma ƙwayoyin da ba sa sakin sinadarin sam, har ta kai Eritiriya ta sauya irin tsinken da take amfani da shi a 2016.

Gwajin Widal na taifot kuwa, tun 1896 aka ƙirƙiro shi, kuma a ganina babu takardar da ta kai shi sa mutane shan maganin da ba sa buƙata. A inda taifot ya zama ruwan dare, jinin lafiyayyu da yawa zai nuna alamar tsohuwar haɗuwa da cutar, maleriya ma takan ɗaga lambar da gwajin ke bayarwa. Gwaji ɗaya ba hujja ba ne. Sai an maimaita bayan kwana 10 zuwa 14 an ga lambar ta ninka sau huɗu, ko mafi inganci, a shuka jinin a lab a ga ko ƙwayar za ta tsiro.

Mataki na 5: Ka duba yadda aka yi shi

Layin C, wanda ke nuna tsinken ya yi aiki, ya fito? In bai fito ba, a jefar a sake. An karanta a cikin mintunan da kamfani ya ƙayyade, ko an bar tsinken a kan tebur har bayan azahar? Kwanan watansa bai wuce ba? Kwalin da ya kwana biyu a shagon kwano cikin zafin Afrilu na Sakkwato ko Maiduguri abin tuhuma ne.

Mataki na 6: In takarda da majinyaci sun saɓa

Kada ka jefar da ɗayansu. Ka sake duba majinyacin daga kai har ƙafa, sannan ka nemi gwaji na wani iri, misali a shafa jinin a gilashi a duba da madubin lab. Wanda ake zaton bai daɗe da haɗuwa da ƙanjamau ba, gwaji ya ce babu, a ce ya dawo bayan wata uku. Yaron da ke jijjiga ko ya fita hayyacinsa kuwa, a fara masa taimakon gaggawa a tura shi babban asibiti, ko me tsinken ya nuna.