Yadda Ɗalibin Fim a Damagaram Zai Koma Ilimin Kwamfuta da Ƙera Wasanni

Ɗalibin da ya fara koyon harkar fim, sannan hankalinsa ya karkata ga ilimin kwamfuta da ƙera wasannin bidiyo, bai kamata ya garzaya ofishin rajista ba sai ya gwada kansa tukuna. Ka ware dogon hutun damina, ka ɗauki harshen rubuta manhaja mai suna Python, ka riƙa rubuta ƙananan manhajoji kullum, domin a nan ne za ka gane ko kana iya zama tun daga azahar har la'asar kana neman kuskure guda a cikin layuka ɗari ba tare da ka gundura ba. Son buga wasa daban, haƙurin ƙera shi daban.

Idan ka jure, sai ka sauke Godot, injin (wato manhajar) ƙera wasanni na kyauta wanda aka saki ga jama'a a 2014. Na fifita shi ga mai farawa saboda ba shi da nauyi, tsohuwar kwamfuta tana ɗaukarsa, kuma harshensa, GDScript, ya yi kama da Python. Sauran injina, irin su Unity da ke amfani da harshen C#, da Unreal da ke amfani da harshen C++, su jira sai ƙafarka ta tsaya.

Aikinka na farko ya zama dara. Ka je inda dattawa ke zama a Birni ko Zango bayan la'asar, ka gaishe su, ka durƙusa ka lura da gurabe talatin da aka tona a yashi, biyar tsaye shida kwance, wannan da tsinkaye goma sha biyu, wancan da duwatsu goma sha biyu. Ka ce, "Baba, idan huɗu suka jeru, an ci ko ba a ci ba?" Ka rubuta amsar, domin kwamfuta ba ta san al'ada ba, kuma duk dokar da ba ka faɗa mata ɓaro-ɓaro ba, babu ita a wasan. Ranar da manhajarka ta iya gane cewa uku sun jeru, ta ba mai wasa damar cire ɗan abokin karawarsa, ta kuma hana shi tafiya a karkace, ka koyi rabin darasin shekarar farko da hannunka.

Kada ka jingine abin da ka koya a fim. Sanin inda ake ajiye kyamara, da yadda haske ke jan ido, da lokacin da sauti ya kamata ya shigo, kaya ne da masu rubuta manhaja da yawa ba su da shi. Bambancin shi ne, a fim darakta ke yanke abin da za a gani, hotuna 24 a daƙiƙa, an gama tace su tun kafin a nuna. A wasa kuwa linzami yana hannun mai bugawa, kuma kwamfuta ce ke zana hotuna 30 ko 60 a daƙiƙa nan take. Wannan ne ya sa lissafi ya zama dole. Darussan lissafi irin su bakta, da sinus da kosinus, da matiris, su ne ke juya kyamara su tafiyar da mutum a kan allo, saboda haka ka koma littattafan lissafi na lise, wato babbar sakandare, ka bi su da gaske.

Sai batun takardu. Sassan kimiyya sun fi karɓar mai bak (shaidar kammala lise) ta C ko D, don haka mai bak A ya bincika sharuɗɗa tun da wuri, a Jami'ar André Salifou da ke nan gida ko a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai. A tsarin karatun jami'a na LMD, lisansi, wato digirin farko, shekara 3 ce, kiredi (ma'aunin darussa) 180, kuma yana da kyau ka tafi da takardar sakamakonka ka tambayi darussan da za a lissafa maka. Ka sanar da mahaifanka kafin ka sa hannu, ka nuna musu darar a waya, ka faɗa musu gaskiya cewa mai yiwuwa ka maimaita shekara, kuma ilimin kwamfuta yana ciyar da mutum ko da wasanni ba su kawo kuɗi da wuri ba.

Zafin bazara da ƙurar hunturu suna kashe kwamfuta, wuta kuma takan ɗauke, don haka ka koyi Git, manhajar adana tarihin sauye-sauyen aiki, ka riƙa ajiye kwafin aikinka a intanet. A watan Janairu ka nemi abokai biyu, mai zane da mai kiɗa, ku shiga taron duniya na Global Game Jam, inda ake ƙera wasa cikin awa 48.