Yadda OSPF ke zaɓar hanya tsakanin rassan ofis

A ce ofishinku na da rauta uku (na'urorin da ke tura bayanai tsakanin rassa), a Birnin Kebbi da Jega da Argungu. Layin fayiba mai gudun gigabit 1 ya haɗa Birnin Kebbi da Jega, wani irinsa ya haɗa Jega da Argungu, sannan akwai rediyo mai megabit 100 daga Birnin Kebbi zuwa Argungu kai tsaye.

Da ka kunna OSPF, tsarin da rautoci ke bi su zaɓi hanyar tura bayanai da kansu, kowace rauta za ta riƙa yi wa maƙwabtanta sallama duk daƙiƙa 10. In daƙiƙa 40 suka wuce ba ta ji ɗuriyar maƙwabciya ba, sai ta ɗauka layin ya mutu. Kowacce kuma tana shelanta layukan da ke jikinta da farashin kowanne (lamba ce ta auna layi, ba kuɗi ba), saƙon ya bazu har dukkansu su riƙe taswira iri ɗaya. Daga taswirar nan kowacce ke lissafa hanya mafi araha da kanta, da dabarar lissafi da ake kira Dijkstra.

Farashin nan shi ne inda ake yawan tuntuɓe. A yawancin rautocin kamfanin Cisco, ana raba megabit 100 da gudun layi, kuma sakamakon ba ya gaza 1. Ke nan rediyo farashinsa 1, fayiba ma 1. Hanyar Jega ta zama 2, sai duk bayanan Argungu su cunkushe a rediyo, fayiba na zaune ba aiki. Maganinsa ka sa umarnin auto-cost reference-bandwidth 10000, wanda ke mayar da megabit 100 ɗin nan da ake rabawa zuwa 10000. Yanzu rediyo ya koma 100, hanyar Jega 20. Sa shi a kan duka rautocin uku, kada ka bar ko ɗaya, in ba haka ba kowacce da irin lissafinta.

In rauta biyu sun ƙi ƙulla maƙwabtaka, buga umarnin show ip ospf neighbor. Ba ka ga komai ba? Duba lokacin sallama da lambar yanki (rukunin da OSPF ke sa layin a ciki), dole su dace a ɓangarorin biyu. Ƙaramin tsari irin wannan ya zauna a yanki 0 kawai. In kuwa umarnin ya nuna maƙwabtakar ta maƙale a matakin ExStart, galibi girman MTU, wato iyakar girman ƙunshin bayanai da layi ke ɗauka, ne ya bambanta.

Sai matsalar wuta. Rediyon da ke mutuwa duk lokacin da aka sauya zuwa janareta yana sa a sake shela da lissafi kowane karo. Haɗa shi da batiri da inbata kafin ka fara taɓa saiti.