Yadda ake gasa popover irin na gidajen gona a Amurka

Popover ɗan burodi ne mara nauyi, bayansa ƙamas-ƙamas, cikinsa kuma rami. Asalinsa daga Yorkshire pudding ne, wani gashin kwaɓin fulawa da ƙwai da madara na Ingila, amma ya zauna da gindinsa a yankin New England na Amurka, inda gidajen manoma ba sa rasa madara da ƙwai da man shanu. A jihar Maine, gidan cin abinci na Jordan Pond House yana ba baƙi shi da shayi tun shekarun 1890.

Ba a sa masa yis, ba a sa bakin foda. Tururi ne kaɗai ke ɗaga shi, shi ya sa zafin oban ya fi komai muhimmanci.

Uwargida, ki tanadi fulawa kofi 1, madara kofi 1, ƙwai manya 2, narkakken bota babban cokali 1 da gishiri rabin ƙaramin cokali. Wannan zai ba ki guda 6. Ki fitar da ƙwan da madarar daga firij da wuri sanyinsu ya fita, domin kwaɓi mai sanyi ba ya tashi yadda ya kamata.

Ki kaɗa ƙwai da madara, ki zuba fulawa da gishiri, sai bota. Da zarar gudajin sun baje ki dakata. Kwaɓin zai yi ruwa-ruwa kamar na wainar fulawa. Haka ake so, kada ki ƙara gari. Ki rufe shi ya huta minti 30.

Kafin nan ki kunna oban ya kai digiri 230 na ma'aunin Salshiyos, ki sa gwangwanin gashin a ciki ya ɗau zafi. Akwai na popover mai zurfi, amma na kofkek ma yana yi. Ki ciro shi, ki shafa bota, ki zuba kwaɓin ya ɗan wuce rabi, ki mayar nan take.

Nan ne ake yawan samun matsala. Minti 15 zuwa 20 na farko, ruwan kwaɓin ne ke zama tururi yana tura shi sama, ƙwan kuma bai gama ƙamewa ba balle ya riƙe jikin. Kina buɗe ƙofar oban zafi ya fice, sai ya lotse, kuma ba zai sake tashi ba. Don Allah ki daure, ki leƙa ta gilashi kawai. Bayan nan ki rage wuta zuwa 180, ki ƙara minti 15 har ya yi ja sosai. Ni na fi son ya ɗan yi duhu, domin wanda aka cire da wuri cikinsa danshi yake yi.

Kina saukewa ki soki gefen kowanne da tsinin wuƙa tururin ya fita. A ci da zafinsa, da bota da jam na stroberi kamar yadda suke yi a Maine, ko da zuma.