In an kwashe ɗanka ko ƙaninka ranar zanga-zanga, ga yadda za ka bi

Na rubuta wannan ne saboda abin da ya same mu a gida a watan Agustan 2024, lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa da aka sa wa kwana goma daga 1 ga wata. Ƙanina ya fita sayo wa Hajiya magani da yamma, ko takalmin kirki bai sa ba silifas ne a ƙafarsa, sai motar sintiri ta zo ana kamen kan mai uwa da wabi aka haɗa da shi. Mun kwana biyu muna bulayi daga wannan caji ofis zuwa wancan, kuma yawancin wahalar da muka sha rashin sanin inda za mu fara ne ya ja mana.

Abu na farko ka nemo inda yake, tun a daren in da hali. Kar ka zauna kana cewa ai yaro ne ba ruwansa za su sake shi da safe, domin awannin farko su ne komai, kafin a rubuta sunansa cikin jerin waɗanda za a tura hedikwata ko a kai kotu a jimla. Ku rabu gida biyu ko uku, kowa da hoton yaron a waya, ku fara da caji ofis mafi kusa da inda aka ɗauke shi, ku tambayi masu shago da 'yan adaidaita da ke bakin titin wace mota ce ta zo, wane rubutu ne a jikinta. In akwai dokar hana fita kamar yadda aka sa a Kano a lokacin, to dan Allah kar ka fita kai ma ka zama na biyu, ka kira mai unguwa ko wani dattijo da ya san DPO ya buga waya a tabbatar yana can.

In ka isa, ka sauke murya. Na san zuciya tana tafasa, nima na ji kamar in fasa kantar nan, amma ɗan sandan da ke zaune a wajen shi ma ya kwana uku bai ga gidansa ba kuma ihunka ba abin da zai ƙara sai ya sa ya juya maka baya. Ka yi sallama, ka faɗi cikakken sunan yaron da shekarunsa, ka nemi a duba littafi, ka tambayi sunan IPO ɗin, wato ɗan sanda mai bincike da aka ba case ɗin, da laifin da ake tuhumarsa da shi. Ka rubuta komai a takarda da lokacin da aka faɗa maka. Kuma kar matasa zalla su je, ku tafi da dattijo. Doka ta hana a kama wani a madadin wani, yana cikin dokar tafiyar da shari'ar laifuka, wato ACJA ta 2015, sashe na 7, amma matashin da ya shiga caji ofis a irin wannan rana da ɗaga murya yana iya kwana a ciki.

Sai maganar sitatimen, a nan ne ake gama da yara da yawa. Yaro yana tsoro, yana jin yunwa, a miƙo masa takarda da Turanci a ce sa hannu ka tafi gida, ya sa, ashe an rubuta ya amsa cewa da shi aka fasa shago. In an bar ka ka gan shi ko na minti ɗaya ne, abin da za ka fara faɗa masa shi ne kar ya sa hannu ko ya dangwala a kan abin da bai karanta ba ko ba a fassara masa ba. Yana da haƙƙin ya yi shiru har sai lauya ya zo, wannan yana cikin sashe na 35 na kundin tsarin mulki. Ƙanina Allah ya taimake shi wani dattijo da suka kwana ɗaki ɗaya ne ya raɗa masa haka, da yanzu wani labarin ake.

Lauya kuma ba sai kana da kuɗi ba. Akwai Legal Aid Council, hukumar gwamnatin tarayya ce mai ba talaka lauya kyauta kuma tana da ofis a jihohi, sannan reshen ƙungiyar lauyoyi ta NBA na garinku yawanci akwai kwamitin kare haƙƙin ɗan Adam da ke fitowa a irin wannan lokaci. Mu da lauya ya shigo ya tsaya ya yi tambaya biyu kacal, salon maganar da ake mana ma sai ya canza.

Ka riƙe lissafin lokaci a kanka. Tsarin mulki ya ce a kai mutum kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu kwana biyu, to duk wanda ke cikin birni kamar Kano ko Kaduna ko Zariya kwana ɗaya ne nasa. Sai dai in an jingina masa babban laifi mai hukuncin kisa lissafin ya canza, shi ya sa nake ta cewa a yi sauri. Kowa ya ga yaran nan da aka kwaso daga Kano da Kaduna aka gurfanar a babbar kotun tarayya a Abuja ranar 1 ga Nuwamban 2024 da tuhumar cin amanar ƙasa, wata kusan uku a tsare, ƙasusuwa a waje, wasu suka zube a gaban alƙali, sai da duniya ta yi caa sannan Tinubu ya ba da umarni a sake su. Duk lokacin da na tuna hoton nan sai in ce da fa nawa yana cikinsu.

Beli kyauta ne, a rubuce yake a bangon caji ofis da yawa, kuma ni da kai mun san yadda ake yi a zahiri. Ba zan zagi uwar da ta sayar da akuyarta ta fito da ɗanta ba wallahi, amma kafin ka kai hannu aljihu ka gwada hanyar da ta dace, ka zo da mai tsaya masa wanda ke da katin shaida da adireshi sananne da hoto fasfo, ka nemi ganin DPO da kansa, ka bari lauya ya rubuta takardar neman beli. Mace ma tana iya tsayawa wa mutum, kar wani ya ce wa Hajiya ta je ta kawo namiji, dokar ACJA ta hana a ƙi ta don tana mace. Kuma ka kiyayi 'yan tsakiya masu zama a gindin bishiya a bakin ƙofa suna cewa kawo kaza in shiga in gyara maka, mun yi asarar kuɗi a hannun ɗaya har yau ban sake ganin fuskarsa ba.

Wani zai ce ai laifinsu ne wa ya aike su zanga-zanga. Fita zanga-zangar lumana ba laifi ba ne, sashe na 40 ya ba da 'yancin taro, kuma tun 2007 kotun ɗaukaka ƙara ta ce ba sai an nemi izinin 'yan sanda ba, shari'ar ma daga Kano ta samo asali lokacin da aka tarwatsa gangamin jam'iyyar ANPP a 2003. Wanda ya fasa shago ya kwashi kayan mutane a hukunta shi, ban da ja a nan. Amma tun zanga-zangar EndSARS a Oktoban 2020 da aka rusa sashen 'yan sanda na SARS aka yi alkawarin gyara, ga sabuwar dokar 'yan sanda ta 2020 a takarda, abin da talaka ke gani a bayan kanta bai canza sosai ba, kuma mu 'yan Arewa da yawa a lokacin mun ɗauka matsalar 'yan Legas ce.

In ya fito, kar ku wuce gida kai tsaye in akwai alamar duka. Ku ɗauki hoton raunin da kwanan wata, ku je asibitin gwamnati a duba shi a ba ku takarda, domin azabtarwa laifi ne a ƙarƙashin dokar hana azabtarwa ta 2017 ko da ɗan sanda ne ya yi. Da wannan takardar za ku kai ƙorafi Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, ko sashen karɓar ƙorafi na rundunar da ake kira CRU, ko Police Service Commission mai ladabtar da su. Ku karɓi wayarsa da kuɗinsa da duk abin da aka rubuta a kanta kafin ku bar wajen, in an ce ya dawo ranar kaza to ya dawo tare da mai tsaya masan, in ba haka ba mai tsaya masan za a nema.

Sannan ku sa masa ido a gida. Nawa ya yi wajen sati biyu ba ya barcin kirki, da ya ji jiniya sai ya miƙe zaune, abinci ma sai Hajiya ta zauna kusa da shi yake ci.