Tsohon soron gidanku: yadda za ka sa hukuma ta san da shi, kuma ya kai baɗi a tsaye

A farkon watan Satumba na 2024 ruwan sama ya kayar da tsohon masallacin unguwar Birni da ke Damagaram, ginin ƙasa da ke tsaye tun tsakiyar ƙarni na 19. Unguwar Birni da fadar Sarkin Damagaram kuwa suna cikin jerin wuraren da Nijar ta miƙa wa UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, tun 2006. To idan ginin da ke tsakiyar gari, a idon kowa, ya iya zubewa a damina ɗaya, ina ga zauren kakanka da ke Mirriya ko Durum ko Kance, wanda ba a taɓa rubuta sunansa a wani littafin hukuma ba?

Aikina awon fili da zana taswirar gidaje, mahaifina kuma magini ne, da tubali aka ciyar da mu. Shi ya sa mutanen garuruwan da ke kewaye da Damagaram sukan tare ni da tambaya ɗaya: yaya ake yi gida ya shiga cikin kayan tarihin da doka ta kare? Zan faɗi yadda nake bi da su, amma tun yanzu ka riƙe cewa aiki biyu ne suke tafiya tare, na takarda da na laka. Wanda ya bi ofis ya bar indararo a toshe, kafin amsa ta fito ba sauran abin da za a kare.

Mutane da yawa suna cakuɗa abu uku. Akwai jerin Kayan Tarihin Duniya na UNESCO, wanda tsohon garin Agadas ya shiga a 2013. Akwai jerin jiran tsammani, inda Birni take. Wannan niyya ce ƙasa ta bayyana, ba ya zuwa da kuɗi, ba ya aiko da magini. Sai kuma dokarmu ta gida, mai lamba 97-022 ta ranar 30 ga Yuni 1997, wadda ta shafi karewa da adana kayan al'adun ƙasa. Gidanku na Mirriya ba ruwansa da biyun farko. Ta ƙarƙashin wannan doka zai bi, kuma ƙofarta a nan jiha ita ce ofishin kula da al'adu.

Kafin ka taka ƙofar kowane ofis, fara da ƴan'uwanka. Yawancin waɗannan gidaje na gado ne da ba a raba ba, magada sun warwatsu, wani yana Yamai, wani yana Kano, wata tana aure a Magariya. Ka tara su, ko da ta WhatsApp ne, a yarda da mutum ɗaya ya zama wakili, a rubuta, kowa ya sa hannu ko ya dangwala, da shaidu biyu. Kada ka tsallake gwaggonni da ƴan'uwa mata don kana ganin za su bi abin da maza suka yanke. Suna da rabonsu a shari'a, kuma sau da yawa su ne suka san wane ɗaki aka haifi wa, wace shekara aka sake rufin shigifa. Ka kuma faɗa wa kowa gaskiya: in hukuma ta ɗauki gini a matsayin abin karewa, gidan naku ne har yanzu, amma ba za ku rushe shi ko ku sauya masa kama ba sai da izini. Wanda yake da burin fasa zaure ya fitar da shaguna uku a bakin hanya, gara ya ji wannan tun a zaman farko, ya faɗi ra'ayinsa a gaban kowa.

Daga nan sai tattara shaida, kuma wayar hannunka ta isa. Ɗauki hoton fuskar gidan da safe ko bayan la'asar, lokacin da rana ke bugun bango a karkace, don a nan ne zanen da aka yi da laka yake fitowa sosai; da tsakar rana duk sai ya baje. Tsayar da yaro ko sanda mai tsawon mita ɗaya a jikin bango don mai kallo ya gane girma. Ka ɗauki zankwaye, da ƙyaure in na da ne, da dagi ko duk wata zayyana da ke saman ƙofa. Sannan ka shiga zaure ka kwanta rigingine a tsakiya ka ɗauki rufin: yadda bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginshiƙin laka da ke ɗauke da rufin, ya tashi daga bango, yadda aka yi ɗaurin guga inda ginshiƙan suka haɗu a tsakiya, yadda aka jera azarar giginya. Wannan hoton shi ne ya fi kowane magana a wurin masana. Kar ka ɓoye tsaga ko inda gara ta ci, ɗauke su da kyau. Ka auna tsawo da faɗin kowane ɗaki da kaurin bango a ƙasa, ka zana a takardar ƴan makaranta, ka nuna gabas. A ƙarshe ka tsaya a ƙofar gida ka adana wurin a taswirar waya.

Tarihin gidan shi ne inda mutane suka fi yin sakaci, ko kuma su yi ƙari. Zauna da tsofaffin gida da na maƙwabta, ka nemi izininsu ka naɗi murya. Ba za su ba ka shekara ba, zamanin sarki za su ba ka, kai ne za ka mayar da shi lissafi. In aka ce zamanin Tanimu ne, wanda ya kewaye Birni da ganuwa, to kafin 1884 ke nan. In aka ce Amadu Kuren Daga, tsakanin 1893 da 1899 ne, shekarar da aka gwabza da Faransawa a Tirmini. In aka ce lokacin da gwamnan Nasara yake zaune a Damagaram, 1911 zuwa 1926, kafin a mayar da babban birni Yamai. Barma Mustafa, 1923 zuwa 1950. A Mirriya da Washa da Dungas, ƙasashen Sosebaki da sarautarsu ta girmi zaman Birni kujerar mulki, da sarakunansu za a lissafa maka, sai ka je fada a daidaita maka jerin. Rubuta wanda ya faɗa da abin da ya faɗa. In baki biyu sun saɓa, rubuta duka biyun. Abin da nake roƙonka shi ne kada ka ƙara wa gida shekara ɗari don ya burge. Ranar da aka gano ƙari ɗaya, sauran maganarka duk ta zama abin shakka. Gidan malamin da ya karantar da unguwa, ko na marini, ko na madugun da ke saukar da ayari, darajarsa ta isa ba sai an jingina shi da wani sarki ba.

Yanzu hanya. Daga mai unguwa ko maigari zuwa fadar sarkin garinku, daga nan ma'aikatar magajin gari, sannan ofishin al'adu na jiha a Damagaram. Kada ka yi tsalle. Takardar da ta zo da goyon bayan fada tana da nauyin da taka kai kaɗai ba ta da shi. Wasiƙar ta zama shafi ɗaya: inda gidan yake, masu shi, shekarunsa bisa abin da aka ji, abin da ya bambanta shi, halin da yake ciki, da abin da kuke nema, wato a zo a gani a sa shi cikin ƙidayar kayan tarihi. Ko da yake tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa, har yanzu aikin ofis da Faransanci yake gudana, don haka ka rubuta da harsunan biyu. Kwafi biyu za ka kai, a buga wa naka hatimi da kwanan wata ka koma da shi gida. In a layinku akwai tsofaffin gidaje huɗu ko biyar da masallaci da rijiya, ku haɗu ku nema tare. An fi saurin tasowa a zo duba unguwa guda da a zo don ɗaki ɗaya. Yana da kyau kuma ka kai kwafi ga malaman tarihi a Jami'ar André Salifou da ke Damagaram, ɗalibai na neman irin wannan don bincikensu, kuma gidan da aka yi rubutu a kansa ya fi wuyar mantawa.

Amsa za ta iya daɗewa. Damina kuwa ba ta jira, kuma yawancin ruwanmu a Yuli da Agusta yake zuba, wani lokaci na wata guda a yini biyu.

Ginin ƙasa ta wuri biyu yake mutuwa, ta kai da ta ƙafa. Tun watan Afrilu ka hau soro ba takalmi, ka taka ko'ina a hankali. Inda ka ji ya yi laushi ko ya lotsa, ruwa na kwana a nan. A cike, a daɓe, a fitar da gangara zuwa bakin indararo. Shi kansa indararon ka zura sanda ka fitar da sheƙar tsuntsu da leda, ka tabbatar ya miƙe nesa da bango yadda ruwan zai faɗi can, ba ya gangaro a jiki ba. Ta ƙafa kuwa, duba ko hanya ta fi daɓen gidan tudu yanzu, don shekara da shekaru ana zuba ƙasa a titi gidaje na nutsewa. A yi wa gindin bango dakali mai gangara da laka mai ƙarfi, a janye randa da wurin wanki da makewayi daga jikinsa, a fitar da kwata.

Sai babbar magana, siminti. Na san dalilin da ya sa ake shafa shi: an gaji da yaɓe kowace shekara, kuma mai gida yana son a ga ya gyara. Amma bangon laka yana shan danshi yana fitarwa, siminti kuwa yana kulle shi a ciki. Na taɓa raka wani tsohon magini duba wani zaure a Mirriya da aka yi wa wannan shafe, sumul, har da fenti. Bai ce komai ba, ya dunƙule hannu yana ƙwanƙwasa bangon daga sama zuwa ƙasa. A sama ƙarar a cike take. Da ya iso daidai gwiwa sai ta koma kamar an buga ƙwarya. Na ce, “Baba, a fasa ne?” Ya ce, “Kawo wuƙarka, ɗana.” Ya sa bakinta a wata ƴar tsaga ya ɓamɓaro ɓawon simintin, faɗin tafin hannu, sai ga ƙasa tana zubowa, jiƙaƙƙiya, da hanyoyin gara a ciki. Daga waje ba wanda zai ce bangon nan yana da ciwo.

Abin da bangon yake so shi ne irin ƙasarsa. A kwaɓa da ciyawa ko ƙaiƙayi da kashin dabbobi, a tattake, a rufe a bar ta ta kwana da yawa tana ruɓa, ana yayyafa ruwa ana juyawa. Laka da aka kwaɓa da safe aka shafa da rana ita ce ke tsattsagewa. A kankare abin da ya saki, a jiƙa bangon, a yaɓa siriri, ya sha iska, a ƙara. A bisa a bi da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ita ke sa ruwa ya zame. Inda akwai zane kada a ba yaro ko lebura, a nemo gwani, a sa hoton da ka ɗauka a gabansa ya bi layin da ya tarar, ban da ƙarin fure ko sunan mai gida. A fada za ka tambayi magina na gado, sun san waɗanda suka rage da hannun yin bakan gizo.

Azarar da ta karye a tokare ta da gungume tukuna, kada a yaye rufin gaba ɗaya a ɗora kwano, don daga ranar ɗakin ya tashi daga abin da kuka rubuta wa hukuma. Giginya ba a sare ta sai da izinin ma'aikatan gandun daji, saboda haka hanya mafi sauƙi ita ce sayen tsohuwar azara daga gidan da aka riga aka rushe. In ba ta ruɓe a kai ba, ta fi sabuwa ƙwari. Duk gyaran da ya wuce yaɓe da daɓe, ka sanar da ofishin da ka kai wa takarda kafin a fara, ka ɗauki hoto kafin aiki da bayansa ka haɗa da kwafinka mai hatimi.

Kuma kada a kulle gidan a tafi. In duk kun koma Sabon Gari ko Yamai, ku zaunar da wani a ciki ko da ba haya, almajirin malami ko ɗan'uwa mai ƙaramin ƙarfi, da sharaɗin ya riƙa buɗe ɗakuna suna shan iska, ya hau soro washegarin kowane ruwa mai ƙarfi, ya kira wakili da zarar ya ga ɗigo ko sabuwar tsaga. Kuɗin yaɓen shekara kuma a yanka wa kowane magaji nasa tun da kaka, lokacin da hannu ke da abu, a damƙa wa wakili kafin Afrilu.