Yadda za ka riƙe bitmas idan ya haura bit 64 a rumbun bayanai

Bitmas lamba ɗaya ce da kowane bit nata ke riƙe alama ɗaya, a kunne (1) ko a kashe (0). Matsalar tana farawa ne ranar da alamominka suka wuce 64. BIGINT, nau'in lambar da aka saba ajiye bitmas a ciki, bit 64 ne kawai, kuma a PostgreSQL bit ɗin ƙarshe shi ke nuna ko lamba negatif ce, to da zarar ka kunna shi da 1::bigint << 63 lambar ta koma ƙasa da sifili kenan. Shi ya sa in za ka duba alama (flags shi ne ginshiƙin da ke riƙe alamominka, mask kuma lambar da bit ɗin alamar da kake nema kaɗai ke kunne a cikinta) ka rubuta (flags & mask) <> 0, kar ka sa > 0, don wannan ɗin zai riƙa tsallake wasu layuka shiru ba tare da ya nuna maka kuskure ba. Kuma ka lura da ::bigint ɗin nan, in ka rubuta 1 shi kaɗai to lamba ce mai bit 32.

In ka haura 64 a PostgreSQL ka koma bit(n), misali bit(256). Su &, |, ~ da # duk suna aiki a kansa amma fa dole tsayin ɓangarorin biyu ya zo ɗaya, in ba haka ba kuweri ɗin zai ƙi, shi ya sa ni na fi son tsayi tsayayye a kan bit varying. Abin da ke rikita mutane sosai shi ne get_bit da set_bit daga hagu suke ƙirga sifili a nan, alhali a lamba daga dama muka saba ƙirgawa, don haka ka tsai da ƙa'ida ɗaya tun farko ka rubuta ta inda kowa a aikin zai gani. bit_count kuma, mai ƙirga bit nawa ne a kunne, sai daga PostgreSQL 14.

A MySQL, BIT iyakarsa 64, kuma kafin 8.0 duk abin da ka ba & sai ya mai da shi BIGINT, ragowar ta zube. Daga 8.0 ne BINARY da VARBINARY suka fara aiki yadda ya kamata. In tsohon kake riƙe da shi sai ka raba alamomin gida-gida, kowane ginshiƙi bit 64: alama ta 70 ta faɗa ginshiƙi na biyu kenan, bit na 6.

Wajen kunna alama kuma, don Allah ka yi shi cikin UPDATE ɗaya, SET flags = flags | mask, kashewa kuma flags & ~mask. In ka ɗauko lambar zuwa manhaja ka gyara ka mayar, wani na iya canza tashi alamar a tsakani ka zo ka goge masa.

Indes na yau da kullum (jerin da ke saurin gano layi a tebur) ba zai taimaki irin wannan binciken ba, injin sai ya bi layuka ɗaya bayan ɗaya. In alama ɗaya ko biyu kake yawan nema, yi musu indes mai WHERE a PostgreSQL, in kuma kusan kowace alama ake bincike da ita to gaskiya gara ka buɗe tebur daban, kowace alama da layinta.