Yadda na gano rasitan da suka ɓata a MySQL

Kawuna yana da shagon sayar da siminti a Kakuri, ni nake kula masa da rumbun bayanan kwamfutarsa, wanda ke kan MySQL, manhajar adana bayanai. Ranar Asabar ya kira ni: "Ɗana, lissafi bai cika ba, duba min rasitan da babu su." Lambobinsu daga 1 zuwa 4000 ne.

Ina buƙatar cikakken jerin lambobin don in kwatanta da rasitan da ke rumbun. Da PostgreSQL ne, wata manhajar adana bayanai, generate_series(1, 4000) mai fitar da jerin lambobi ta gama magana. Amma MySQL ba ta da ita. Na fara tunanin buɗe tebur in cika shi da lambobi, sai na tuna tun sigar 8.0 akwai WITH RECURSIVE, umarni mai maimaita kansa: ka fara da 1, kana ƙara 1 har ka kai iyaka.

Na gwada, ta tsaya da kuskure. Ashe cte_max_recursion_depth, wato iyakar yawan maimaitawa, a 1000 take tun asali, don kada tambaya ta yi ta zagaye babu ƙarshe. Wannan ya cinye min kusan awa guda, ga wuta an ɗauke. Na rubuta SET SESSION cte_max_recursion_depth = 5000, na haɗa jerin da teburin rasit ta LEFT JOIN, wadda ke jera kowace lamba da rasit ɗinta, na zaɓi inda lambar rasit ta zama NULL, wato babu komai.

Guda bakwai suka fito, duk a jere. Shafi ɗaya ne yaron shago ya tsallake.